Bakin kaza na warin tsami, kai kuma kana ƙara mata antibayotik



Akwai wata cutar kaji da ba kasafai za ka ji an kira sunanta ba a nan yankinmu na Gwarzo da Kabo. Tana nan kuwa, sai dai ba ta zubar da kaji rututu kamar Gumboro ko Niyukasul, shi ya sa ba a tsoronta. Ita a hankali take cin jari. Kaji na tsaye, buhun abinci na ƙarewa, sikeli ya ƙi motsi. Kana sa ran buroila ta isa sayarwa a sati shida ko bakwai, sai ga ka a sati na tara kana lissafin bashin mai abinci. Abin takaicin shi ne sau da yawa mai kiwo da kuɗinsa yake sayo abin da ke buɗe mata ƙofa.

Likitoci na kiran ƙwayar da ke kawo ta Candida albicans, mu ce kandida. Ba bakteriya ba ce, ba bairas ba ce. Yis ce, 'yar uwar yis ɗin da ake kwaɓa fulawa da shi a gidan burodi, dangin funfuna. Idan ka riƙe wannan kaɗai, ka riƙe rabin maganar, domin duk kuskuren da ake yi wajen magani daga nan yake tasowa.

Bari mu fara da inda take zama. Ka san 'yar jakar nan da ke ƙasan wuyan kaza, ta ɓangaren dama, inda tsaba ke fara taruwa kafin ta gangara ƙundu, wadda wasu ke kira bororo. A cikin jakar nan akwai ɗumi, akwai laima, akwai abinci. Zafin jikin kaza yana kai digiri 41, ya fi na mutum. Wuri ne da ƙananan halittu ke so, kuma ko a lafiyayyar kaza cike yake da su. Mafi yawansu bakteriya ne masu amfani, irin dangin da ke tsamar da nono ya zama kindirmo. Su ke fitar da ɗan tsami da ke hana miyagu sakewa, su kuma mamaye bangon jakar. Kandida na nan a cikinsu, 'yar kaɗan, kamar baƙon da aka ba shi gefen tabarma. A lafiyayyen mutum ma haka take zaune a baki da hanji da fata, ba ta damun kowa.

Ƙwayarta ɗaya 'yar mitsitsiya ce mai siffar ƙwai, sai ka jera kusan 200 kafin su cika milimita ɗaya. Tana haihuwa ne ta hanyar toho: ɗan ƙullutu ya fito a gefenta, ya girma, ya ɓalle. Muddin tana wannan siffar, da sauƙi. Amma tana da fuska ta biyu. Idan ta samu fili sai ta miƙe ta zama zare, zaren ya riƙa huda bangon jakar yana shiga cikin tsoka kamar yadda saiwar ƙiri-ƙiri ke shiga ƙasa. A nan ne bango ke kauri, ya yi fari, jakar ta daina matsa abinci yadda ya kamata. Abinci ya kwana a ciki, ya yi tsami, tsamin da sukarin da ke ciki su ƙara ciyar da ita.

To wa ke ba ta filin? Ka duba yadda ake karɓar 'yan tsaki a wurinmu. Yawanci daga Ibadan suke tasowa, su kwana a mota zuwa Kano, daga nan a sake ɗauko kwali a bi titin Gwarzo da su, wani har sai ya hau babur kafin ya iso Lakwaya. Sun gaji, gaskiya ne. Sai a tarbe su da gulukos da antibayotik. Kwana biyar. Aka yi rigakafin Gumboro, sai a ce a ba su antibayotik saboda gajiyar rigakafi. Ɗaya ta yi atishawa, a sake wani. Hadari ya haɗo, a ƙara. Har wasu fakitocin da mutum ke saye da sunan bitamin, in ka juya baya ka karanta, za ka ga akwai tetirasaikilin ko niyomaisin a ciki. Sai ka tarar kaza ta yi sati uku a duniya, kwanakin da ta sha ruwa zalla ba su kai na yatsun hannu ɗaya ba.

Antibayotik an yi shi ne don bakteriya. Amoksisilin yana rushe bangon jikinta, tetirasaikilin da tailosin suna tsayar da injin da take ƙera furotin da shi. Ita yis ginin jikinta daban ne, bangonta da wani abu aka yi shi, injinta ma ya fi kama da na kazar kanta. Saboda haka maganin na wuce ta kamar ba ya ganinta, ya kashe maƙwabtan da ke danne ta. Ka share mata gona, ka kuma zuba mata gulukos a matsayin taki. Mata da yawa sun san wannan a jikinsu: bayan an sha antibayotik na kwanaki sai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri su biyo baya, ɗaya daga cikin abubuwan da ake haɗawa a kira sanyi. Farin da ke fitowa a harshen jariri ya ƙi gogewa, shi ma ita ce. Kada wani ya ce kaza ce ta shafa wa iyalinsa, kowa da tasa yake yawo.

Na biyu a masu buɗe ƙofa shi ne dirinka. Sa yatsa ka shafa cikin mazubin ruwanka. In ka ji santsi kamar yauƙin kuɓewa, wannan gida ne da ƙwayoyin suka gina a jikin roba, kuma kandida gwana ce wajen gina shi. Ɗauraya ba ta fitar da shi. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ruwan bitamin mai sukari da aka zuba da safe ya wuni har la'asar, ai kunu ka dama mata. Haka jiƙaƙƙiyar dusa da ragowar tuwo da ake zuba wa kajin gida a tsohon kwano, a bar shi ya kwana.

Na uku abinci mai funfuna. Masu haɗa abinci da kansu sun san jarabar sabuwar masara da kaka, ga arha ga yawa, amma in ba ta bushe ta sauko wajen kashi 13 cikin 100 na laima ba, a buhu take yin funfuna. Ita da tunkuzar gyaɗa suna iya ɗaukar gubar afalatoksin, wadda ke karya garkuwar jiki. An gano gubar nan ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda garin gyaɗa da aka shigo da shi daga Barazil. Kazar da garkuwarta ta karye, ko ta wannan hanya ko bayan Gumboro ko koksi sun bi ta kanta, ita kandida ke jira.

Ta fi kama ƙanana, musamman 'yan ƙasa da sati uku zuwa huɗu. 'Yan talo-talo sun fi kaji saurin kamuwa, 'yan zabi da tattabaru ma ba su tsira ba.

Alamominta na waje ba su da wani tambari, shi ya sa ake ruɗewa. Tsaki ya tsumbure, gashi a hargitse, ya tsaya a lungu ido a lumshe, ya je wurin abinci ya tsattsaga ya bari. Wannan kowace cuta na iya kawo shi. Abin da zai raba maka gardama gwaji ne da ba ya cin ko sisi. Da dare ka ɗauke abinci, ka bar ruwa. Da asuba kafin ka zuba komai, ka kama waɗanda kake zargi ka taɓa jakar wuyan. Lafiyayyar kaza jakarta a lafe take da safe, babu komai. In ka ji ta cike, taushi-taushi kamar leda mai ruwa, ka buɗe bakin ka shinshina. Warin tsami ne ke tasowa, kamar ƙullun da ya kwana biyu. Wani lokaci ruwa mai yauƙi na dalalowa da kansa, wani lokaci ka ga farin abu manne a harshe ko dasashi. In kuwa ka ji jakar da tauri kamar dunƙulen ƙasa, wannan toshewa ce, ta haɗiyi zaren buhu ko ɓuntu ko doguwar ciyawa, aikinta daban.

Kafin babbar sallar bara wani matashi daga wajen Garo ya zo mini da buroila biyu a kwali, ɗaya ta mutu a hanya. Ya ce, "Yaya, don Allah duba mini, na canza magani kala uku, mai shagon ya ce in haɗa biyu na ƙarshen, amma kullum baya suke yi." Na ce ya kawo fakitocin. Duk ukun antibayotik ne, sunan kamfani ne kawai ya bambanta, biyu daga ciki ma abu ɗaya ne a cikinsu. Na sa leda a hannu, muka tsaga jakar wadda ta mutu, muka wanke da ruwa. A lafiyayyar kaza cikin jakar nan sumul yake, siriri, har kana hango yatsanka ta baya. Wannan kuwa ya yi kauri, fari fat, da tudu-tudu masu zagaye kamar fuskar tawul. Na kankara da bakin reza, farin na ɓamɓarowa kamar cuku, ƙasansa ja. Ya yi shiru, can ya ce, "To yanzu wanne zan saya?" Na ce yau dai babu abin da za ka saya sai soso da sabulu.

Wannan kamannin tawul shi ne babbar shaida, amma a kula, akwai masu kama da ita. Ƙurajen kaji nau'in da ke fitowa cikin baki suna yin farin ɓawo, sai dai yawanci za ka ga wasu a garken da ƙuraje a tukku da gefen ido. Tattabaru na da tasu cutar mai rawayan abu kamar cuku a maƙogwaro, wata ƙwaya ce daban, maganinta daban. Ƙarancin bitamin A yana kawo ƙananan fararen ƙuraje a jere a maƙoshi. Akwai kuma siraran tsutsotsi kamar gashi da ke shiga bangon jakar su kumbura shi.

Abu guda da ba wasa a cikinsa: in kaji na mutuwa da yawa farat ɗaya, tukku ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, kada ka tsaga ko ɗaya. Rufe ɗakin ka kira ma'aikatan dabbobi. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna a farkon 2006 ta iso Kano, kuma tun daga lokacin takan leƙo. Kandida ba ta irin wannan kisan.

Mai kaji da yawa, ko wanda abin ya maimaita masa, gara ya kai gwaji. Akwai asibitin dabbobi na Gwale a cikin Kano, akwai asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa kuma tana Vom a jihar Filato. Ka kai mara lafiya da ranta, ko wadda ta mutu yanzu-yanzu a cikin kula da ƙanƙara. Kada ka sa ta a firiza ta daskare, yana ɓata naman da za a duba. A can za su kankaro farin su duba a na'urar hangen ƙananan halittu. Suna kuma shuka shi a wani faranti mai sukari, bayan kwana ɗaya zuwa biyu ya tsiro fari mai santsi yana ƙamshin yis. Akwai wani gwaji mai sauƙi: a sa ƙwayar a ruwan jini a ɗumin digiri 37, cikin awa biyu zuwa uku in albicans ce sai ta fara fitar da ɗan zarenta. Amma ga inda mutane ke kuskuren fahimtar takardar sakamako: a ce an samu kandida bai isa hujja ba, tunda ko a lafiyayyar kaza za a same ta. Hujja ita ce a ga raunin a bangon jaka, a kuma ga zaren ya shiga nama.

Magani yana farawa da janye antibayotik, sai in likita ya ga wata cutar bakteriya da dole a ci gaba da yaƙa. A janye gulukos. A wanke dirinka da soso da sabulu kullum, a jiƙa a ruwan bilic, a ɗauraye sosai, a shanya a rana. In kana da hali ka yi saiti biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shan rana. A kwashe jiƙaƙƙen ɓuntun da ke kewayen ruwa. A shinshina abinci, wanda ya dunƙule ko yake warin rima a zubar, kada a ce bari a ba kajin gida. A ba su bitamin zalla, musamman mai A a ciki. In cutar ba ta yi nisa ba, wannan kaɗai yakan juyo da garke cikin 'yan kwanaki.

Maganin da aka sani a kanta shi ne nistatin, a kwalba za ka ga an rubuta Nystatin. Wasu mata biyu masu bincike, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano shi a 1950 suna aiki da hukumar lafiya ta jihar New York a Amurka, daga sunan jihar ma aka yanko sunansa. Yana manne wa wani kitse da ke fatar yis wanda babu irinsa a jikin kaza, ya huda fatar, ƙwayar ta tsiyaye. Kyansa shi ne hanji ba ya tsotse shi ya shiga jini. Wannan kuma yana nufin sai inda ya taɓa yake aiki. Don haka ga kaza ɗaya ko 'yan kaɗan, da safe ake ba su kafin abinci, jaka ba komai, a ɗiga a gefen baki a hankali tana haɗiya. Na ruwan da ake ba jarirai yana da ma'auni 100,000 a kowace mil. Likitocin tsuntsaye kan ba da 300,000 ga kowane kilo na nauyin jiki, wato mil 3 ga kaza mai kilo ɗaya, safe da yamma, na sati ɗaya zuwa biyu. Ga garke kuwa a abinci ko ruwa ake haɗawa, wannan lissafin a bar wa likita ya yi shi da irin wanda ya samu a kasuwa.

Wasu za su ce ga fulukonazol a kemis, ƙwaya ɗaya mata ke sha su warke. Ni dai ban goyi bayan a ba kaji ba. Shi yana shiga jini, ya shiga nama da ƙwai, ba kuma don kajin ci aka yi shi ba. Sannan magungunan yis na mutane 'yan kaɗan ne, ba kamar antibayotik da ke da kala-kala ba. A 2009 aka gano wata 'yar uwarta a Japan, Candida auris, wadda yawanci fulukonazol ba ya yi mata komai, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su biyun a sahun farko na dangin funfuna masu haɗari ga ɗan Adam. Maganin da matarka ko mahaifiyarka za ta buƙata gobe, bai kamata a koya wa ƙwayar saba wa da shi a ɗakin kaji ba.

Sai kofa salfet, shuɗin gishirin nan. Tsohon magani ne, ana sa giram 1 a lita 2 ta ruwa na 'yan kwanaki, a mazubin roba, ban da na ƙarfe don yana cin sa. Yana taimakawa wajen rage ƙwayar a ruwa, amma bai kai nistatin ba, kuma in ya yi yawa shi kansa yana ƙona baki da ƙundu. A auna da sikeli, ban da "ɗan cokali". Masu kifi ku saurara da kyau: ruwan da aka wanke wannan dirinkar kada ya gangara kududdufin tarwaɗa, ɗan kaɗan ɗinsa na kashe kifi. Masu kiwon ragon layya da ke haɗa kashin kaji a dusa su ma haka. Tumaki ba sa jure sinadarin kofa, yana taruwa a hantarsu shiru har ranar da rago zai faɗi yana fitsari ja. Kashin kajin da suka sha wannan magani gona za a kai shi.

Ruwan khal da ake ta yayatawa, ɗan kaɗan a ruwan sha yana ƙara tsamin da bakteriya masu amfani ke so, ba laifi a matsayin taimako. Amma jakar da ta riga ta zama tawul, khal ba zai goge ta ba. Kada kuma a haɗa shi da bilic a mazubi ɗaya, iska mai guba suke fitarwa.

Akwai dabarar da nake gani a bidiyo, a kifa kaza kai ƙasa a matse jakar ruwan ya zubo. Ƙofar numfashin kaza a gindin harshe take, ba ta da murfi irin namu. Ruwan nan mai tsami in ya koma ta nan, a hannunka za ta mutu, ko bayan kwana biyu da ciwon huhu. In jakar ta cika ƙwarai likita na zuƙe ta da siririn bututu. Wadda jakarta ta riga ta saki tana reto kamar buhu, da wuya ta koma daidai. Buroila ce, ka ware ta kada ta ci gaba da cin abincin da ba za ta biya ba.

In ka ɗauko sabbin tsaki daga wurin da ka yarda da shi, gulukos na awannin farko ya wadatar, daga nan ruwa mai tsabta da bitamin zalla, ɗumi daidai, abinci busasshe. Antibayotik a ajiye shi sai an ga cutar da ke buƙatarsa, a ba da cikakken awo na kwanakin da aka rubuta, a tsaya. Masu sa ɗan kulorin a ruwan rijiya ko na 'yan garuwa suna yin daidai, sai dai a dakatar da shi kwana biyu kafin rigakafin Lasota ko Gumboro da kwana ɗaya bayansa, domin rigakafin nan rayayye ne, kulorin na kashe shi tun a cikin dirinka.